Saƙa da Rini a Ƙasar Kano da Matsayinsu a Makarantun Sakandare



Na san ba za a rasa waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska ba? Watau me ya kai malamin Hausa zancen saƙa da rini, bayan kuwa ga masana kimiyya da injiniyoyi cike da jami'a? To, bari in fara da ba ku dalili.

Sa'ad da nake karatun digiri na uku a Ingila, wata rana aka gayyace ni ma'ajiyar wani gidan kayan tarihi, domin sun ji labarin akwai Bahaushe a kusa. Matar da ke kula da sashen tufafi ta sa safar hannu, ta jawo wata babbar aljihun tebur, ta warware mini wata riga da aka saya a ƙasar Hausa tun ƙarni na 19. Ta ɗauko takarda da alƙalami, ta ce in gaya mata sunan kowane abu da ke jikin rigar da Hausa. Na ce mata wannan aska takwas ce. Daga nan fa bakina ya mutu. Ban san sunan zaren ba, ban san ƙwarya nawa aka harhaɗa ba, ban san dalilin da ya sa rinin bai koɗe ba bayan shekara fiye da ɗari. Ita ce ma ta koma tana yi mini bayani. Alhali kuwa a ɗakin kakata na tashi, ina jin ƙarar mazarinta tun daga hantsi har la'asar, na kuma yi shekara shida a makarantar sakandare ba wanda ya taɓa nuna mini cewa abin da tsohuwar nan take yi ilmi ne. Wannan kunya ita ce mafarin binciken da zan gabatar muku yau.

Abin da nake so in nuna shi ne, saƙa da rini a ƙasar Kano fannin fasaha ne cikakke, mai lissafinsa da kimiyyarsa da zanensa, kuma tun ranar da makarantar boko ta zo ba ta taɓa karɓarsa a wannan matsayi ba. Zan bi tarihin yadda haka ta faru, sa'an nan in faɗi abin da nake ganin ya kamata a yi.

Daɗewar Sana'ar

Tufa ba ta da ƙarkon dutse ko ƙarfe. Gara da damina sukan cinye ta, saboda haka shaidar daɗewarta tana da wuyar samu. Duk da haka, a kogunan duwatsun Bandiyagara na ƙasar Mali an tono tufafin mutanen da ake kira Telem, waɗanda masana suka kai shekarun wasunsu zuwa ƙarni na 11. An saƙa su ƙwarya-ƙwarya, an harhaɗa da allura, an kuma rina wasu da baba, kamar dai yadda masaƙanmu suke yi. Wannan ya nuna irin saƙar da muka gada ta yi wajen shekara dubu a Afirka ta Yamma.

Game da ƙasar Hausa kanta, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya ambaci yawan masaƙa a Gobir da noman auduga a ƙasar Kano a cikin littafinsa da aka buga a 1550. Tarihin Kano ya gaya mana Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi. Marinan Ƙofar Mata kuwa sun riƙe a bakinsu cewa an kafa marinarsu a 1498, watau a ƙarshen zamanin Rumfa.

Kano a Ƙarni na 19

Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, ƙasashen da a da suke yaƙar juna suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya. Fatake suka sami hanya, kasuwa ta faɗaɗa tun daga Sakkwato har Adamawa, daga Katsina har Nufe da Ilori. Masu sana'a daga Barno da Nufe da Azbin suka yi ta ƙaura zuwa ƙasar Kano, kowa da irin gwanintarsa. Kilabatan, Baturen Birtaniya da ya iso Kano a 1824, ya yi bayanin marinan birnin da yadda ake buga tufa har ta yi ƙyalli.

Amma wanda ya bar mana lissafi shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000. Ya ce a cikin birni kaɗai akwai karofi fiye da 2,000, kuma sarki yana karɓar wuri 700 a kan kowane ɗaya. Ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano take sayarwa waje a shekara ya kai wuri miliyan 300, ya ce Tumbuktu kaɗai takan karɓi kayan raƙumi 300. Ya ga tufar Kano tana tafiya arewa har Gat da Murzuk da Tarabulus. Ku lura, jama'a, a wannan lokaci injinan Manchesta sun riga sun cika duniya da yadi, amma ga wani gari a bakin Sahara yana tufasar da ɗimbin jama'ar Afirka ta Yamma da hannu.

Ta yaya aka yi haka? Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan tambaya. Daga cikin abin da ya gano akwai wata dabara ta gini. A da marina a cikin manyan tukwanen ƙasa suke rini, tukunya kuwa tana da iyakar girma, tana kuma fashewa. Sai marinan ƙasar Kano suka koma haƙa rami mai zurfi suna shafe shi da laso, watau siminti irin namu, wanda ake haɗawa da katsin da aka kwaso daga gindin karofi aka ƙone, da dafara, da gashin dabba. Ramin laso ya fi tukunya ɗaukar ruwa nesa, ba ya yoyo, yana kuma shekaru ana aiki da shi, saboda haka kuɗin rina kowace tufa ya sauko. Abin sha'awa a nan shi ne, dattin da rini ya bari shi ne ya zama kayan gina sabon karofi. Da wannan ne garuruwa irin su Kura da Bunkure da Dal suka bunƙasa, Kura kuma ta shahara da turkuɗi da 'yan kura, waɗanda Buzaye suke naɗawa har Agadas da bayanta.

Tilas kuma in faɗi ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Auduga da baba masu yawa a rinji aka noma su, da gumin bayi. Zaren da ya ciyar da dubban masaƙa kuwa mata ne suka kaɗa shi a cikin gidaje, 'ya'ya da bayi, kuma ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda zai koyar da wannan tarihi ga yara ya koyar da shi duka.

Ilmin da ke Cikin Sana'ar

A nan ne malamin harshe yake da abin cewa. Duk al'ummar da ta ƙware a kan wani aiki sai ka tarar ta rarrabe sunayensa filla-filla, kuma Hausa ta yi wa tufa haka. A gurza auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, a kaɗa ta da mazari mai gululu a gindi, mai kaɗi tana shafa alli a yatsa. In zaren ya yi kauri da taushi abawa ke nan, in ya yi siriri ƙwarai arafiya. Masaƙi ya yi wadari, ya shigar da zare cikin allira, ya ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, ya riƙa jefa ƙoshiya, har ya naɗe zugu. Daga nan ga fari, ga saƙi, ga barage, ga gwado, ga luru, ga tsamiya da ake samu daga gidan wata tsutsa, ga alharini da fatake suke kawowa ta Sahara. Kowace kalma a cikin waɗannan darasi ce.

Ɗauki wadari. Kafin masaƙi ya kafa turke ɗaya, sai ya san tsawon tufar da aka ba shi aiki, da faɗin ƙwarya, da yawan ƙwaryar da za a harhaɗa. Idan faɗin ƙwarya inci 2 ne, ana son zane mai faɗin inci 48, to ƙwarya 24 ke nan, sai ya ninka da tsawon zanen, ya ƙara abin da ɗinki da wanki za su ci. In saƙi zai yi, sai ya ƙidaya silin baƙi da na fari a tsaye da a kwance, har su ba da zanen nan mai kama da jikin zabo. Sili ɗaya ya kuskure, aibin zai bi zugun tun daga farko har ƙarshe. Wannan lissafi ne, ko da yake ba a kan allo aka yi shi ba.

Ɗauki karofi kuma. Launin da ake samu daga ganyen baba ba ya narkewa cikin ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Marini yakan zuba baba da toka da katsi cikin ramin, ya bar su kwanaki, yana motsawa da muciya. Ruwan toka yana ba da kaifin da ake bukata, waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani kuma suna ruɓar da ganyen suna cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan. A cikin wannan hali ne launin yake sake kama ya narke, ya ratsa zare. Shi ya sa in aka tsamo tufa daga karofi sai ka gan ta kore-kore, tana shan iska kuma ta rikiɗe ta zama shuɗiya a gaban idonka, gama launin ya koma halinsa na farko, ya maƙale a cikin zaren. A tsoma a tsamo, a tsoma a tsamo, har a sami duhun da ake so. Bajamushe Adolf von Baeyer ya yi shekaru yana binciken sinadarin wannan launi kafin kamfanin BASF ya fara sayar da na kanti a 1897. Marinin Kura bai san sunayen da Baeyer ya sani ba, amma da kumfar karofi da warinsa yake gane ko ya nuna, ko ya gaji, ko ya mutu, ya kuma san maganin kowanne.

Sa'an nan ga zane. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin rigunan Hausa a Zariya, ya nuna yadda sau da yawa malamai da almajirai ne suke zana aska biyu da aska takwas da tambari a jikin riga kafin maɗinki ya bi da allura. Hannun da ya saba da zayyanar allo shi ne ya zayyana riga.

Zuwan Turawa da Makarantar Boko

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Shekara guda kafin nan, a 1902, masu masaƙun Lankasha sun kafa ƙungiyar noman auduga da aka fi sani da BCGA, burinsu kuwa shi ne Arewa ta riƙa noma musu auduga, su saƙa a can, su dawo mana da yadi. Wannan buri yana cikin manyan dalilan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911. Amma abin bai tafi yadda suka so ba. Masaƙan gida sun fi BCGA sayen auduga da daraja, saboda haka manomi ya ci gaba da kai musu, wanda yake son kuɗin Bature kuma ya shuka gyaɗa. Daga 1912 gyaɗa ce ta cika taragun da aka tanada domin auduga. Wannan shaida ce cewa sana'ar tana da ƙarfinta sa'ad da makarantar boko ta same ta, ko da yake akoko da alawayyo da atamfa sun yi ta cin kasuwarta sannu a hankali.

A 1909 Hanns Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Ya raba ta sassa: na 'ya'yan sarakuna, na malamai, na elementare, da na sana'a, inda gwanayen gari suke koyar da aikin fata da ƙira da sassaƙa da saƙa da ɗinki. A yaba masa, ya ga darajar sana'o'in. Amma rabon nan da ya yi shi ne ya zama tushen matsalar. Ɗan sarki da ɗan malami suka nufi lissafi da rubutu, mai koyon saƙa ya nufi rumfa. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ita ce ta zama ƙofar ɗaukaka, daga cikinta malaman makaranta da ma'aikatan En'e da shugabannin Jihar Arewa suka fito. Wajen 1930 aka narkar da makarantun sana'a cikin makarantun midil, aikin hannu ya koma ɗan abin da ake yi da yamma. A wannan shekara kuma aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, inda ɗinki da saƙar kwarashi suka sami wuri a cikin darasin kula da gida.

To, kun ga inda aka kwana. Sana'ar da ta haɗa manomi da makaɗiya da masaƙi da marini da mabugi da maɗinki da falke, ta shiga makaranta ta ƙofa biyu, duka ƙanana: aikin hannu ga yaron da ake ganin ba shi da kai, da ɗinkin gida ga yarinya. Lissafinta da kimiyyarta aka bar su a waje.

Masaƙun Kaduna

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Lankasha. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya, Nortex da UNTL ta mutanen Hong Kong da Arewa Textiles ta mutanen Japan, Kano ma ta sami nata a Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Ya zuwa farkon shekarun 1980 masaƙu suna cikin masana'antun da suka fi ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Fasaha ta Kaduna suka buɗe sassan nazarin tufa.

Sai dai injin daga waje yake, kayan gyaransa daga waje, sinadarin rini daga waje. Ba wata gada tsakanin Kakuri da Kura. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka gagari saye. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, man injin ya yi tsada, yadin fasa-ƙwauri ya cika Kantin Kwari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Ban ce makaranta ce ta kashe masaƙun nan ba, dalilan mutuwarsu na kuɗi ne da wuta da siyasa. Amma da suka faɗi, ba mu tarar da wani zuriyar matasa da suka san zare da launi da zane har za su iya kafa ƙananan masaƙu na kansu ba, domin ba mu taɓa renon su ba.

Manhajar Sakandare

Ba a rasa yunƙuri ba. An yi taron manhaja na ƙasa a Ikko a 1969, aka fitar da manufar ilmi ta ƙasa a 1977, aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982 da niyyar kowane yaro ya taɓa aikin fasaha a ƙaramar sakandare. Ni ɗan wannan tsari ne. A makarantarmu akwatunan injinan da aka aiko suna jibge a wani ɗaki, ba a buɗe su ba har muka fita, don ba wuta, ba kuma malamin da ya san kansu. A kan allo muka koyi zarto. Darasin tufa da sutura kuwa yana ɓangaren 'yan mata, namijin da ya leƙa sai ya sha dariya, a garin da kakanninsa maza suka yi suna da saƙa da rini da ɗinki. A 2011 aka shigo da darussan sana'a fiye da 30 a babbar sakandare, har da rini da ɗinkin tufafi, a 2025 kuma aka taƙaita su zuwa 6, ɗinki da tsara tufafi yana ciki.

Ingila ma ta bi ta wannan hanya, 'yan mata allura, maza katako. Bayan dokar ilmi ta 1988 sai suka haɗa waɗannan darussa wuri ɗaya a ƙarƙashin zane da fasaha, tufa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da katako da ƙarfe da lantarki. Abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya gano wata bukata, ya zana abin da zai biya ta, ya zaɓi kayan aiki da hujja, ya yi abin, ya jarraba shi, ya faɗi inda ya gaza. Ba ina cewa mu kwafo nasu ba ne. Ina tuna muku ne cewa wanda ya fara shafe rami da laso wannan hanya ya bi.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, a koyar da tufa a sakandare a matsayin fasaha, ga maza da mata baki ɗaya. Yaro ya auna ƙarfin abawa da na arafiya ta hanyar rataya musu nauyi har su tsinke. Ya haɗa ƙaramin karofi a bokiti, ya rubuta abin da yake gani kowace safiya, malamin kimiyya ya fassara masa. Ya rina ƙyalle biyu, ɗaya da baba ɗaya da rinin kanti, ya wanke su, ya shanya a rana, ya gwada wanda ya fi jurewa. Ya zana aska takwas a takarda, in akwai kwamfuta ya zana a kanta, ya kuma fitar da nasa sabon zanen. Yawancin wannan ba ya bukatar wutar lantarki, balle akwatin da za a jira daga waje.

Na biyu, a shigo da masu sana'ar cikin aji, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Makarantar da ke Kura ko Minjibir ko cikin birnin Zariya ba ta da hujjar koyar da rini daga littafi.

Na uku, wannan namu ne, mu malaman Hausa. Mu fita da ɗalibanmu mu tattara kalmomin sana'ar daga bakin masu ita, da hoto da bayanin yadda ake aiki da kowane abu, mu rubuta littattafan darasin da Hausa. Wanda ya je Ƙofar Mata ya san ramukan da suka bushe sun fi masu ruwa yawa, matan da suka iya kaɗi kuma yawancinsu sun tsufa. Kakata ta rasu da abin da ta sani, ban tambaye ta ba sai da na je wata ƙasa aka tambaye ni. Ɗaliban da ke zaune a nan, da yawanku kuna da irinta a gida da ranta. In kun koma hutu, ku ɗauki littafi da alƙalami ku zauna kusa da ita.